Giwan Ruwan da Muka Ɗaure a Gindin Ɓaure

Sana'ar su, wato kamun kifi, wahala ce, a zamanin Jamus kuwa wahalar ta fi ta kowane lokaci. Ban ga abin da zan ƙawata a ciki ba. Tafin hannuna har yau ba ya miƙewa sosai saboda igiya, bayana kuma shi ke fara gaya mini in hadari zai haɗo. Karatuna bai wuce na salla ba, sai ɗan ajamin da nake wannan rubutu da shi. Abin da na gani shi zan faɗa, yadda ya zo mini.

Mu biyu ne a jirginmu, ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Muna zaune a unguwar masunta a Garwa, can gangare wajen Binuwai, inda Fulanin gari ba sa son zama saboda sauro da ƙarni. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya. Ni a lokacin matata ta rasu, matar Yaya ke dafa mana. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma yana da wani tari da ya kama shi tun wata shekara da jirgi ya kife da mu a lokacin sanyi. Tarin bai kwantar da shi ba, amma bai sake shi ba.

Sauran masunta taru suke ja, ko su kafa mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, su tafi gida su kwanta. Mu abin da ubanmu ya bar mana daban ne, koton ƙarya. Ƙumba ake samu, ɓawon nan na cikin yashi mai ƙyalli ta ciki, a goge ta da toka har ta riƙa ɗaukar ido, a huda ta, a ɗaura mata babbar ƙugiya ta maƙera da farin gashin zakara a gindi. A sa 'yar waya tsakaninta da igiya saboda haƙori. Sai a sake ta a bayan jirgi, ana tafiya tana bi. Kifin da ke cin 'yan'uwansa, irin giwan ruwa da tsage, in ya hango ta tana layi sai ya ɗauka ƙaramin kifi ne ya ji ciwo. Ba ƙamshi ke kawo shi ba, ido ne. Shi ya sa aikinmu na ruwa mai haske ne, daga ƙarshen kaka zuwa bazara. In damina ta sauka mu ma mamari muke komawa kamar kowa.

Ni ke riƙe igiya, Yaya ke tuƙi. In matuƙi ya yi sauri, ƙumbar sai ta yi ta juyawa ta murɗe igiya, kifi ya gane. In ya yi sanyi, ta nutse ta maƙale a itace. Yaya ya san tafiyar da take so ba tare da ya waiwaya ba. Amma mutanen gaɓa wanda ya ɗago kifi suke gani, ba wanda ke zaune a gindin jirgi ba.

Turawan bariki ba sa cin tarwaɗa, wai ba ta da ɓamɓaroki kuma tana warin laka. Ba sa cin banda. Giwan ruwa suke so, don tsokarsa fara ce, ba ƙananan ƙaya. Wannan ya sa aka san mu a bariki, kuma ya sa aka daɗe ba a taɓa gidanmu ba. Don a wancan zamani, in rani ya yi ruwa ya janye, jirgin wuta na ruwa ba ya iya hawowa Garwa, duk kayan Jamus a kan mutane suke tafiya. Gida-gida ake bi ana ɗibar 'yan dako. Wasu su dawo da kafaɗa a saɓule, wasu ba a sake jin labarinsu.

A wata bazara, da farkon mako, tafintan bariki ya zo har ƙofar gidanmu. Mutumin gari ne, yana jin Hausa da Fillanci da ɗan abin da yake ce wa Jamusanci. Bai zauna ba. Ya ce manyan baƙi za su sauka a bariki ranar Lahadi, Bature yana son giwan ruwa babba, wanda za a ɗora a tebur kowa ya gani, kuma ya iso da safiyar ranar da sauran ransa. Ya ce a ranar ce kuma ayarin dako zai tashi zuwa Marwa, mutane sun kasa, an duba an ga gidanmu maza biyu ne. In kifi ya zo, an bar mu. In bai zo ba, ɗaya zai ɗauki kaya.

Na ce to in ta kai ga haka ni zan tafi, Yaya ba shi da ƙirjin ɗaukar kaya.

"Kai ai kai ne mai kifin," in ji tafinta. "In ka tafi wa zai kawo na gobe? Shi wannan me yake yi ban da zama a gindin jirgi?"

Yaya yana gyaran filafili a lokacin. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ka ji ko, Auta? Ashe shekara da shekaru hutawa nake yi."

Ban yi dariya ba. Na san hanyar Marwa a bazara, duwatsu ne da yashi mai zafi, ruwan sha sai an tona. Mai lafiya ma da ƙyar. Yaya in ya tafi ba zai dawo ba, kuma duk mu ukun da ke tsaye a wurin mun sani.

Muka shiga ruwa. Kwanakin farko ba mu sami komai ba. Irin zafin nan ne da iska ke ɗaukewa ɗif, kogi ya kwanta kamar an shimfiɗa faranti, kana hango yashin ƙasa daga cikin jirgi. Mai ganin ruwa daga gaɓa zai ce wannan ne lokacinmu, tunda haske muke so. Haske ya yi yawa shi ma matsala ne. Kifi yana ganin ƙumba, yana ganin waya, yana ganin igiya, yana ganin inuwar jirgi da ta mai riƙe da igiyar. Akwai wani gurbi mai zurfi a ƙasa da gari, gindin wasu duwatsu, inda manya ke taruwa in ruwa ya janye. Muna zuwa tun kafin rana ta fito, mu yi ta kewaya bakin zurfin inda ya haɗu da yashi, don a nan suke laɓewa su jira ƙananan kifi. Da hantsi ya ɗaga sai su nutse ƙasa, ko me ka jawo ta kansu ba sa motsi. Sau ɗaya wani ya biyo ƙumbar har kusa da jirgi, na ga idonsa ja kamar garwashi, ya dube ta, ya juya abinsa. Na sake ƙumba, na sa ƙarama. Na rage gashin. Na shafa wa igiya laka don ta daina haske. Na ƙara mata tsawo har ina jin tsoron in ya kama ba ni da sauran da zan sakar masa. Duk a banza.

In mun dawo hannu wofi sai matar Yaya ta ajiye mana tuwo ta ce, "Sannunku da yawon shan iska, manyan bariki." Wasa ne irin na tsakaninmu, ni da ita mun saba. Amma na lura ta daina cin nata a gabanmu.

Ranar Alhamis da yamma abin ya sake. Can kudu, nesa ƙwarai, gajimare ya yi baƙi a gindin sama. A kanmu babu komai. Sai wata iska mai ɗan sanyi ta taso ta yamutsa fuskar ruwa, rana ta dusashe. Duk masunci ya san wannan lokacin. Kifi na jin hadari a jikinsa kafin mutum, yana ci kamar ba gobe, ga shi ruwan ya yi tsattsaga ba ya ganin igiya. Yaya ya juya hancin jirgi zuwa duwatsun. Zagaye na farko tsage ya ɗauke mini gashin. Na ɗaura wani. Muna wuce dutse na ƙarshe na ji igiya ta tsaya cik kamar ta kama kututture, sannan kututturen ya fara tafiya.

Ya ja mu ƙasa, ya ja mu sama. Ya fito gaba ɗaya daga ruwa ya buɗe baki ya girgiza kai don ya zubar da ƙugiya, na sassauta masa kafin ya faɗo, don in ya faɗo a kan igiya tana a miƙe sai ta tsinke. Igiyar rama ta ci tafina har jini. Yaya yana bin sa da jirgi, yana tare masa hanyar duwatsu, yana tari yana tuƙi. Da kifin ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, sai da na ji tsoro. Giwan ruwa ne, ya kusa kai ni tsawo. Na taɓa kama manya, ban taɓa kama kamarsa ba.

A al'ada kulki zan sa masa a ka. Wannan karon ba hali, Lahadi da saura. Yaya ya cusa hannu a bakinsa ya zura igiya mai kauri ta fito ta gefen kunnensa, ya ɗaure. Muka jawo shi a hankali kamar ana jan sa zuwa kasuwa.

Washegari na hau bariki na sami kuku na roƙe shi ya karɓa yanzu, ya san yadda zai yi da shi. Ya ce a wannan zafin nama ba ya kwana, balle kifi, kuma shi ba zai ɗora wa baƙi abin da ya sauya wari ba. Tafinta ya ce Lahadi aka ce, Lahadi ce. Amma ya ji daɗi. Ya ce zai gaya wa Bature kifi ya samu.

To ajiye kifi da rai ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ubanmu yana yi tun a ƙasar Hausa kafin ya gangaro nan. Lungu ake nema inda ruwa ba ya gudu, don kada kifin ya gaji da faɗa da igiya, inda akwai inuwa. Akwai irin wannan wurin a gindin wani ɓaure kusa da unguwarmu, saiwoyinsa sun shiga ruwa. Muka ɗaure shi a saiwa da gajeriyar igiya, muka kewaye bakin lungun da ƙaya saboda kada. Ranar Juma'a yana nan lafiya, yana buɗe baki yana rufewa, in ka matso ya kaɗa wutsiya ya jiƙa ka. Yaya har ya kamo masa ƙananan karfasa ya zuba masa. Matarsa ta ce ita tunda aka kawo ta gidan nan ba a taɓa yi mata hidimar da ake yi wa wannan baƙon ba. Ranar ta ci tuwo tare da mu.

A kan tuwon nan ne ta ce ta ji masu tallan nono a kasuwa suna cewa an yi ruwa mai yawa a duwatsun kudu, har makiyaya sun fara juyawa da shanu. Muka ɗaga kai muka dubi sama, tas take. Mu mun saba jan ruwan damina ba ya zuwa kogi sai an yi ruwa ɗaya ko biyu a Garwa, ƙasa ta jiƙa, kwaɗi sun fara kuka. Yaya ya ce Bafulatana ta san ruwan da ke fito wa saniyarta da ciyawa, ruwan kogi kuwa a bar wa masu shi. Ni ma haka na gani. Hadarin da ya sa kifin ya kama ƙumba mun gode masa, ba mu tambayi inda ya je ya zuba ba.

Da safiyar Asabar tun daga ƙofar gida na ji warin kogi ya sake. Warin ƙasa ne da toka. Muka gangara muka tarar Binuwai ya yi ja kamar an dama jan kanwa, yana ɗauke da kumfa da karmami da kashin shanu da tokar dajin da aka ƙone da rani. Ɗigon ruwa bai sauka a Garwa ba. Ruwan farko ne ya wanke duwatsu ya turo mana dattin shekara. Lungun da muka zaɓa don ruwansa ba ya gudu, nan duk dattin ya taru ya tsaya. Kifin da ke sake yana gudu ya nemi inda zai yi numfashi. Namu yana ɗaure da gajeriyar igiya.

Mun same shi ya kwanta a gefe, farin cikinsa a sama, bakinsa na buɗewa a hankali. Yaya ya faɗa ruwa da rigarsa. Muka kwance shi muka ja shi zuwa inda ruwa ke gudu. Yaya ya rungume shi ya tsai da shi daidai, hancinsa na fuskantar ruwa, ni ina wanke masa lakar da ta cushe a kunnuwansa. Ruwa har ƙirjin Yaya, yana tari, yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Ya ɗan kaɗa wutsiya, muka ce ko zai tashi. Kafin hantsi ya ɗaga ya daina.

Na ce mu binne shi a yashi mai laima mu kai shi gobe a haka. Yaya ya ce kafin gobe ko kare ba zai kusance shi ba, gara a yanka a yi banda kada a yi asara biyu. Muka kai wa matarsa. Ta dubi kifin, ta dubi mijinta, ta shiga ɗaki ta ɗauko wuƙa.

Muka koma ruwa. A jan ruwa koton ƙarya ba shi da amfani, in na tsoma ƙumba kamu ɗaya ni kaina ba na ganinta. Na ɗaura mata 'yan ƙarafa biyu don su riƙa ƙara, ko kifi zai ji in bai gani ba. Na sa mafi girman ƙumbar da nake da ita. Yaya ya ce mu tafi bakin wani ƙaramin mayo, wato rafi, da ke shigowa daga arewa, tunda can ba a yi ruwa ba, ruwansa na nan da haske. Gaskiyarsa. A inda ruwan biyu suka haɗu akwai layi kamar an ja da zare, nan ja, nan fari, ƙananan kifi sun taru a farin suna tsalle. In akwai babba a kusa, a bakin layin nan zai tsaya cikin ja ya riƙa kai hari cikin fari. Muka yi ta bin layin, mu hau mu gangaro, har rana ta faɗi. Tsage ne kawai, suna yanke mini gashi. Muka koma da asuba. Yaya na tari yana tuƙi, amma tafiyar jirgin ba ta sake ba. Rana ta fito, na kama tsage ɗaya babba, ya kai hannuna tsawo. Shi ke nan abin da Allah ya ba mu.

Na kai shi bariki. Kuku ya ɗaga shi ta wutsiya, ya dubi haƙoran.

"Ɗan'uwa, wannan ai ƙaya ce zalla," ya ce. "In baƙo ya shaƙe, ni za a miƙar a bulale. Ina wanda aka ce kun ɗaure?"

Na gaya masa. Ya ce in tafi da shi, akwai rago za a yanka. Tafinta ya fi kowa fushi, don ya riga ya yi wa Bature alkawari da bakinsa. Na sake cewa a ɗauke ni. Bai ko dube ni ba. Baturen kansa ban gan shi ba ranar, ban ma sani ko ya san da mu ba.

Bayan azahar sojoji biyu suka zo, mutanen kudu ne, ba sa jin yarenmu. Ba su daki kowa ba. Yaya ya riga ya yi salla ya sa rigarsa. Ayari irin wannan da la'asar yake fita ranar farko, a kwana a zango na kusa, don wanda zai gudu a gane shi da wuri. Muka raka shi har filin da aka jera kaya. Akwati aka ba shi mai ƙarfe a kusurwa. Matarsa ta naɗa masa gammo da ɗankwalinta. Bandar ba ta bushe ba, ba a iya ba shi ba.

A nan na dubi ƙafafunsa. Ƙafar masunci ce, ta sha ruwa shekara da shekaru, fara sol a ƙasa, taushi kamar ta jariri. Bai taɓa mallakar takalmi ba, me zai yi da shi a jirgi. Sauran 'yan dakon manoma ne, tafin ƙafarsu kamar kirgi.

"Auta," ya ce, "kada ka bar jirgin nan a rana, zai tsage. In za ka nemi matuƙi ka nemi tsoho, samari gaggawa gare su."

Na ce to. Aka busa ƙaho, na taya shi ɗora akwatin, suka tafi.

Da damina waɗanda suka dawo suka ce sun bar shi a wani ƙauye gaba da garin Gidar, yana tarin jini, ba ya iya tashi. Ba wanda ya riƙe sunan ƙauyen. Na je nema daga baya, ƙauyukan duk iri ɗaya ne a gindin duwatsu, kowa ka tambaya ya ce 'yan dako da yawa sun mutu a nan, wanne kake nufi.

Amma wannan daga baya ne. Washegarin tafiyarsu, da na yi sallar asuba, na buga wa wani baduku ƙofa na karɓi takalmin fata. Matar Yaya ta ƙulle mini bandar da ta fi bushewa a tsumma. Na bi hanyar arewa da sauri na isa zangon da hantsi, na tarar da toka da sawun mutane, sun daɗe da tashi. Akwai wasu fatake da jakuna suna ɗaure kaya za su bi hanyar. Na ba babbansu ƙullin da takalmin, na kwatanta masa Yaya, dogo, mai tari, da gammon ɗankwali. Ya ce in Allah ya sa sun cim musu. Na sha ruwa a rijiyar zangon, na juyo Garwa, na ja jirgin na kai shi inuwa.